Dororo: Me Babba Zai Tsinta a Katun Ɗin Takobi da Aljanu?

Wani bawan Allah ya aiko mini da tambaya. Ya ce ƙanensa ya dame shi da zancen wani katun na Japan mai suna Dororo, har ya tura masa kashi 24 cif a waya. Ya buɗe na farko, ya ga jini da dodanni, ya rufe. Yana so ya san abin da magidanci mai abin yi zai tsinta a ciki wanda ya wuce sara da suka, kuma ko ya dace ya bar 'ya'yansa su kalla.

Malam, bari in fara da ta biyun tunda ita ce gajera. Kada ka ba yara. Kalmar katun ce ke ruɗin mu, muna jin ta sai mu tuna da kyanwa da ɓera suna guje-guje. A Japan zane mai motsi hanya ce kawai ta ba da labari, akwai na 'yan firamare, akwai wanda sai mai gemu. Dororo na manya ne. Akwai kisa a fili, akwai yunwa, akwai wata yarinya da yaƙi ya tura ta sayar da mutuncinta don ta ciyar da marayu. Akwai kuma gumaka da wuraren bautar Buddha, domin labarin mutanen Japan ne na ƙarni na 15, da addininsu da camfe-camfensu. Wanda wannan zai dame shi, ya sani tun daga bakin ƙofa.

Ta farkon ce ke son zama. Na daɗe ina sana'ar zane da haɗa hoto mai motsi, kuma Dororo na cikin 'yan kaɗan da nake komawa in sake kallo da takarda a hannu. Zan tona wasu abubuwa na labarin, ba yadda za a yi in nuna maka darajarsa ina rufa-rufa.

Asalinsa littafin zane ne, irin wanda suke kira manga, na Osamu Tezuka, mutumin da ake ɗauka uban wannan sana'a a Japan. An haife shi a 1928, ya rasu a 1989, kuma ya yi karatun likita kafin zane ya cinye rayuwarsa. Ya fara fitar da Dororo a mujallar Shonen Sunday a 1967. An yi masa katun fari da baƙi a 1969, aka yi fim da mutane a 2007. Wanda ƙanenka ya turo maka shi ne na 2019, aikin kamfanin MAPPA da Tezuka Productions, Kazuhiro Furuhashi ne darakta, Yasuko Kobayashi ta tsara labarin. Kowane kashi wajen minti 24 ne, duka-duka bai kai awa goma ba.

Ga yadda abin ya faro. Wani hakimi, Daigo Kagemitsu, ƙasarsa na cikin fari da annoba, mutane na mutuwa a kan hanya. Ya shiga wani ɗakin tsafi mai gumakan aljanu 12, ya ce su ba shi ƙasa mai albarka da suna mai tafiya, su ɗauki duk abin da suke so daga abin da ya mallaka. Tsawa ta faɗo ta bar masa tabo a goshi, shaidar an ƙulla. Ran da matarsa ta haihu, sai ga jariri ba fata, ba idanu, ba kunnuwa, ba hanci, ba hannu, ba ƙafa, amma yana numfashi. Uban ya gani ya yi murna, don ya gane aljanun sun karɓa. Ya sa ungozoma ta je ta yar da shi. Ita kuma ta kasa, ta sa shi a kwalekwale ta tura shi kogi. Wani likita mai sassaƙa gaɓoɓin katako, Jukai, ya tsince shi, ya raine shi, ya yi masa hannuwa da ƙafafu da fuska, ya dasa masa takubba biyu a cikin damatsa, hannun katakon ya zama kube. Ya raɗa masa Hyakkimaru. Bayan shekara 16 sai ya fita farautar aljanun, domin duk wanda ya kashe, gaɓar da ya cinye tana dawo masa. A hanya ya haɗu da wani ɗan ƙaramin ɓarawo mai surutu kamar aku, shi ne Dororo.

Kai da ka taso kana jin labarin masu ba da ɗan cikinsu don kuɗi ko sarauta, wannan farkon ba zai yi maka baƙo ba. Inda ya bambanta shi ne, a labaran da muka saba ji, ɗan da aka bayar ya tafi ke nan, labarin na uban ne da yadda ƙarshensa ya ɓaci. A nan ɗan ne ya dawo karɓar kayansa.

Babban abin da ya sa nake girmama wannan aiki shi ne yadda ya juya al'adar finafinan faɗa. Ka san yadda suke: jarumi ya sha kashi, ya je ya yi atisaye, ya dawo ya fi da ƙarfi, haka har ƙarshe. Hyakkimaru kuwa ya fi kowane lokaci haɗari a kashi na farko, lokacin da ba ya gani, ba ya ji, ba ya jin zafi. Abin da yake iya gani kawai launin ruhin halitta ne kamar harshen wuta, na mutum fari-fari, na aljani ja. Ba tsoro, ba shakka, sai sara. Kowace nasara kuma rage masa wannan kariya take yi. Da jijiyoyinsa suka dawo, ka gan shi yana kai ƙafa cikin wutar da suka hura, yana janyewa, yana mamakin wannan sabon abu da ake ce wa zafi. Yaro ɗan shekara 16 yana koyon abin da ɗan rarrafe ya sani.

Dubi dawowar kunnuwa a kashi na 4, wanda a ganina yana cikin wurare mafi kyau a duk jerin. Ya kashe wani soja da takobi mai shan jini ya mallake, ana tsuga ruwan sama. Kunnuwan katakon suka faɗi, na gaske suka tsiro. Sautin farko da ya fara ji a duniya shi ne ruwan sama da kukan ƙanwar mutumin da ya kashe, tana durƙushe a kan gawar yayanta. Ba wanda ya yi bayani, ba kiɗan nasara. A kashi na gaba sai ga shi ya naɗe kai da ƙyalle, kukan tsuntsu da motsin ganye duk sun zame masa azaba, har wani dodo da a da zai gama da shi cikin ƙiftawar ido ya ji masa rauni, saboda hayaniya ta ɗauke masa hankali. Muryarsa ma da ta dawo, da ihu ta dawo, a daidai lokacin da wani dodo mai ɓuya a ramin yashi ya cizge masa ƙafa ta gaske. Jiki magayi, in ji Bahaushe, kuma nan an ɗauki maganar an yi mata kashi 24.

A littafin Tezuka aljanun 48 ne, kuma Hyakkimaru yana da dabarar da yake magana tun farko, har da barkwanci. Masu aikin 2019 suka rage su zuwa 12, suka kuma rufe masa baki. Wannan shawara ce mai tsada ga mai zane. Jarumin da ba ya magana, idanunsa na roba ba sa motsi, ba ka da abin nuna zuciyarsa sai karkata kai, da tsayuwa, da yadda yake shafa fuskar mutum da yatsu. Kuma ka sani katun ɗin talbijin na Japan ba ya zana kowane motsi. Daƙiƙa ɗaya ta fim hoto 24 ce, amma sau da yawa zane 8 ko 12 ake yi, wani wurin ma hoto ɗaya ake tsayarwa ana jan kyamara a kansa. Tezuka da kansa ne ya yaɗa wannan tsimi a talbijin tun 1963 don aiki ya riƙa fita duk mako. A Dororo tsimin ya dace da jarumin: yana tsaye shiru kamar gunki, sai kawai ya cije hannun katako da haƙori ya zare shi, takobi ya fito, a zuba duk kuɗin zanen a daƙiƙa goma na faɗa. Wannan bambanci tsakanin tsit da fashewa shi ke sa faɗan ya shiga jiki. Haka launi. Yawancinsa toka-toka ne da ruwan ƙasa, kamar tsohon zanen tawada, kuma idan aka koma labarin baya sai a janye launi kusan gaba ɗaya, a bar ja kawai ya yi ihu.

Sai Mio, kashi na 5 da 6. In ka kalli waɗannan biyun ba su taɓa ka ba, to ka bar sauran, ba naka ba ne. Yarinya ce da ke zaune a wani rusasshen wurin bauta da tarin yara marayu, wasu ba hannu, wasu ba ƙafa, duk aikin yaƙi. Waƙarta a bakin rafi ita ce sauti na farko da Hyakkimaru ya ji bai toshe kunne ba. Da dare takan ce ta tafi aiki sansanin sojoji. Dororo ne ya bi ta a ɓoye ya ga irin aikin. Ba a nuna abin don jan ido ba, kuma ba a zage ta ba. Burinta kawai ta tara abin da za su samu gonar shinkafa tasu. Da ta fara zuwa sansani biyu masu gaba da juna don kuɗin ya ƙaru, sai aka ce 'yar leƙen asiri ce. Hyakkimaru ya dawo daga kashe dodon yashi, ƙafarsa ta dawo, ya tarar an kashe ta da yaran duka, wuta na cin wurin. A nan ya fara sara mutane kamar yadda yake sara aljanu. Dororo ya riƙe shi yana kuka, ya nuna masa abin da ke dunƙule a hannun Mio, irin shinkafa ne. Kalmar farko da ya furta da ma'ana sunanta ce.

Ka lura, a wannan labarin aljanin bai kashe kowa a cikin yaran ba. Haka abin yake a kusan duk jerin. Akwai ƙauyen da ke barin dodo ya cinye matafiya su kuma su raba kuɗin mamatan. Akwai wani hakimi, Sabame, da ya ƙulla da wata aljana har mutanensa suka ƙona gidan marayu don su zauna cikin wadata. Akwai kuma, a kashi na 7, wata aljanar gizo-gizo da ke tsotsar ƙarfin maza ba ta kashe su, ta kamu da son wani talaka mai taimakon mutane su tsere daga aikin dole. Hyakkimaru ya ga launin ruhinta ya sauya, ya mayar da takobi ya ƙyale ta. Labarin iyayen Dororo a kashi na 9 ma ba aljani ko ɗaya a ciki. Uban, Hibukuro, shugaban manoman da suka zama 'yan fashi don yaƙar samurai (mayaƙan sarakunan Japan) ne, na hannun damansa Itachi ya ci amanarsa. Wurin da ba ya fita a raina shi ne inda ake rabon kunu ga mayunwata, uwar ba ta da ƙwarya, ta miƙa tafin hannunta biyu aka zuba mata da zafinsa, ta kai wa ɗanta ya sha, hannun na ƙuna tana murmushi. A wannan kashin ne kuma ake gane Dororo mace ce, an raine ta a matsayin namiji don ta tsira.

Yanzu ga ƙashin bayan labarin. Yarjejeniyar Daigo ta yi aiki. Ruwa ya sauka, shinkafa ta yi, kasuwa ta cika, yara suka daina mutuwa. Mutanen ƙasar ba su san komai ba, su dai sun san hakiminsu mai sa'a ne. To duk aljanin da Hyakkimaru ya kashe, wani yanki na wannan albarka yana zubewa: fari ya dawo, ƙasa ta zaftare, annoba ta ɓulla, maƙwabta 'yan gidan Asakura suka fara shirin yaƙi. Yaro yana neman idonsa da hannunsa, abin da ba wanda ya tambaye shi kafin a bayar, amma kowace gaɓa da ya karɓa wani ƙauye ne ke biya. Gaba kura, baya sayaki.

Ƙaramin marubuci zai sauƙaƙa maka, ya sa duk wanda ke gefen uban ya zama azzalumi. Nan sai aka kawo Tahomaru, ƙanen Hyakkimaru, wanda aka haifa lafiyayye bayansa. Yaro ne na kirki. A kashi na 10 ka gan shi ya sa kansa a haɗari don ya raba wani ƙauye da ƙatuwar ƙaguwa mai cin masunta, da dabara ya yi, ba da girman kai ba. Da ya gano abin da ubansa ya aikata ya ce zalunci ne, bai ɓoye ba. Amma da ya dubi dubban mutanen da ke rayuwa a kan wannan zalunci, ya zaɓi ƙasa, ya zare takobi a kan yayansa. Uwar kuma, Nui, wadda ta shekara 16 tana addu'a gaban gunki marar kai saboda ɗan da aka ƙwace mata, ran da ta gan shi a tsaye, abin da ta iya ce masa shi ne ba za ta iya cetonsa ba, ta daɓa wa kanta wuƙa. Na taɓa kallon wannan kashi na 12 da wasu abokan aiki biyu, aka kashe kwamfuta aka shiga musu har shayi ya huce. Ɗaya ya ce mutum ɗaya ba ya fin gari. Ɗayan ya ce garin da ke cin naman jariri bai cancanci tsayawa ba. Ni ina gefen yaron, amma ba zan yi maka ƙarya in ce hujjar Tahomaru ba ta da nauyi ba.

Kuma ba a bar Hyakkimaru da tsarkinsa ba. Yadda yake ƙara zama mutum a jiki, haka jan launi ke ƙara yawa a ruhinsa. Wani makaho mai yawo da molon Japan da ake kira biwa, wanda shi ma ruhi yake gani, ya sha yin gargaɗi a kan haka. A kashi na 17 Hyakkimaru ya sake haɗuwa da Jukai, likitan da ya raine shi, yana son sabuwar ƙafar katako don ɗaya ƙafar da ba ta dawo ba tukuna, tsohon ya ƙi, don ya gane duk gaɓar da ya sassaƙa masa makami ce. Shi Jukai yana da nasa nauyin: a da ma'aikacin wani sarki ne mai gicciye mutane, tuba ce ta sa yake bin filin daga yana sa wa gawarwaki hannu da ƙafa don a binne su cikakku. Ya tambayi yaron me ya sa yake son jikin nan haka. Amsar ba ta wuce kalma biyu uku ba: don nawa ne. Da za su rabu, tsohon ya ƙi faɗa masa sunansa, yaron ya kira shi da kalmar da ya koya wurin Dororo, wato inna. Ƙaton tsoho mai gemu, ya tsaya yana hawaye.

Akwai tarihi na gaske a ƙarƙashin duk wannan. Labarin yana faruwa a lardin Kaga, wanda yau yake cikin yankin Ishikawa a gaɓar Tekun Japan, a zamanin da yaƙin Onin na 1467 zuwa 1477 ya ragargaza birnin Kyoto, ƙasa ta dare, kowane hakimi ya zama sarkin kansa. A wannan Kaga ɗin ne, a 1488, manoma da mabiya wata ɗariƙar Buddha da ƙananan mayaƙa suka tashi suka kifar da mai mulkinsu Togashi Masachika, suka riƙe lardin kusan shekara 100, har 1580. Sanin wannan yana canza yadda za ka kalli ƙarshen Dororo, inda yarinyar ta yanke shawarar ɗauko dukiyar da ubanta ya ɓoye, taswirar tana zane a bayanta ba ta fitowa sai jiki ya ɗumama, don manoma su tsaya da ƙafarsu ba tare da samurai ko aljani ba. Shi ma Tezuka yana saurayi ya ga ruwan bama-bamai a Osaka a 1945, kuma ƙin yaƙin da ke cikin labarin daga can ya samo tushe.

Ba zan sayar maka da shi a matsayin marar aibi ba. Rabin farko ya fi na biyu nesa ba kusa ba. Bayan kashi na 12 sai tafiyar ta yi sanyi, wasu kashin dodo ne kawai a kashe a wuce. Zanen kashi na 15 ya sauka ƙasa har fuskoki suka sauya kama, mai ido zai gani nan take. Na 19 wasan barkwanci ne da aka tsoma a tsakiyar tashin hankali, wasu na son sa don a sha iska, ni dai ya katse mini zare. Ƙarshen ma an yi shi da gaggawa, abubuwan da suka isa kashi huɗu aka cusa a biyu, kuma hanyar da aka bi aka warware rikicin 'yan'uwan ta fi tambayar da aka ɗaga sauƙi. Duk da haka akwai abin lura ko a can: da hannuwansa na gaske suka dawo, ba shi da inda zai dasa takubban, sai ya damƙe tsirarar ƙarfen da tafinsa, yana faɗa jini na bin yatsunsa, kuma nisan saransa ya canza har yana kuskure. Masu aikin ba su manta ƙa'idarsu ba har kashi na 24.

Shawarata, kada ka yi masa zaman dare ɗaya. Kalli shida na farko, biyu-biyu, da muryar Japananci da fassara a ƙasan allo, kuma ka sa abin ji a kunne, domin rabin aikin kashi na 4 da 5 a sauti yake. Rio Suzuki, wadda ƙaramar yarinya ce a lokacin, ita ta yi muryar Dororo, kuma ana jin yarintar a kukanta da tsiwarta. In ka kai wurin irin shinkafar nan ka ji kana son sanin abin da zai faru da yaron, ci gaba zuwa 12, sannan ka kira ƙanenka ku yi musun Tahomaru.